Ƙwallon Amurka: kasuwar da ake yi wa attajiri iyakar kuɗin cefane

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san wani baƙin ciki: ka biya kuɗin haja, hajar ta bar hannunka, amma bashinta na nan rubuce a littafinka. Abin da ya sami wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta birnin Denba a ƙasar Amurka ke nan a watan Maris na 2024. Ta sallami ɗan wasa guda ɗaya, Russell Wilson, sai aka bar ta da lissafin dala miliyon 85 a kanta. Ba dalarmu ta kasuwa ba, wadda biyar ɗinta ke yin tamma ashirin da biyar. Dalar Amurka ake nufi. Bisa canjin wannan shekarar, kuɗin sun kai wajen miliyar 50 na sefa.

Wasan da muke magana a kai ba irin ƙwallon ƙafar da yaranmu ke bugawa ba ne. Ƙwallonsu kamar ƙwai yake, da hannu ake ɗaukar sa ana jefawa, ƴan wasa kuma na sa hular kwano saboda karo. Babbar gasarsu sunanta NFL, tana da ƙungiyoyi 32, kowace na riƙe da ƴan wasa 53, kodayake 11 ne ke shiga fili a lokaci guda. Wasan ƙarshe na cin kofi shi ake kira Super Bowl.

A ƙwallon Turai, mai kuɗi ya fi samun damar kwashe gwanaye. A NFL kuwa, tun 1994 aka kafa doka: akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe wajen albashin ƴan wasanta a shekara, kuma adadin ɗaya ne ga kowa. A shekarar farko dala miliyon 34.6 ne. A 2024 ya kai miliyon 255.4, a 2025 kuma miliyon 279.2. Daga cinikin gasar ake yanko adadin, musamman kuɗin da gidajen talabijin ke biya, kuma kusan kashi 48 cikin 100 ne rabon ƴan wasa. In kasuwa ta faɗi, iyakar ma sai ta sauka: bayan annobar korona ta sauko daga miliyon 198.2 a 2020 zuwa 182.5 a 2021. An kuma hana rowa, don akwai mafi ƙarancin abin da dole kowace ƙungiya ta kashe.

Ku ɗauka mata 32 ne aka ba kowace kuɗin cefane daidai wa daida, aka ce a ga wadda miyarta za ta fi daɗi. Wadda ta zuba rabin kuɗin a nama, to sai ta rage mai da kayan yaji. Shi ya sa Girin Be, gari mai mutane dubu ɗari da ƴan kai, ke iya ja da ƙungiyoyin manyan birane irin su Niyok.

To ina bashi ya shigo? Ta ƙofar kafin alƙalami. In ɗan wasa ya sa hannu, akan ba shi wani dunƙulen kuɗi nan take. Kuɗin sun shiga aljihunsa a ranar, amma doka ta yarda a rarraba su cikin littafi a kan shekarun kwantiragin, har zuwa shekara biyar. A ce an ba mutum miliyon 50: sai a riƙa rubuta miliyon 10 kowace shekara. Wannan dabara na ba ƙungiya sarari ta ƙara sayen wasu bana. Amma in aka sallame shi bayan shekara biyu, sauran miliyon 30 ba su ɓace ba, za su faɗo cikin lissafi, tare da duk wani albashin da aka yi masa alkawarin dole. Shi ake kira mataccen kuɗi: kuɗin da ke cin gurbi a littafi alhali mai su ba ya yi maka wasa.

Wilson ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Shi ne mai jefa ƙwallo, wato jagoran masu kai hari, matsayin da ya fi kowane tsada. A Fabrairu 2014 ya ci Super Bowl tare da ƙungiyar Siyatil, kuma ita Denba ɗin ce suka lallasa da ci 43 da 8. A 2022 Denba ta karɓo shi yana ɗan shekara 33. Ta ba Siyatil ƴan wasa uku da kuma damarta guda biyar ta zaɓen sababbin yara. Tun bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba, ta ƙara masa kwantiragin shekara biyar na dala miliyon 245. An biya kuɗi ke nan kafin a kwance bakin buhu.

A shekarar farko ƙungiyar ta ci wasa 5, aka cinye ta 12. A ta biyu ta ci 8, aka cinye ta 9. Sai ta haƙura ta sallame shi, ta raba mataccen kuɗin gida biyu: miliyon 53 a 2024, miliyon 32 a 2025. A lokacin ba a taɓa ganin irinsa ba a tarihin gasar. Wato a 2024 kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin cefanen Denba ya tafi ga mutumin da ke yi wa wata ƙungiya wasa. Shi kuwa ya koma Fitsbag a kan albashi mafi ƙanƙanta, dala miliyon ɗaya da ƴan kai, tunda Denba ce ke biyan sauran.

A wannan watan na Maris 2022 da Denba ke saye, maƙwabciyarta Kansas Siti sayarwa take yi. Tana da nata mai jefa ƙwallo, Patrick Mahomes, wanda tun 2020 ta ɗaure da kwantiragin shekara goma na dala miliyon 450. Tana kuma da Tyreek Hill, mai gudu kamar barewa, wanda ke cafke ƙwallon da Mahomes ya jefa. Da Hill ya nemi ƙarin kuɗi, shugabanni suka duba littafi suka ga tukunya ba za ta ɗauki manyan tsoka biyu ba. Suka sallama shi ga Mayami, wadda ta ba shi dala miliyon 120 na shekara huɗu, su kuma suka karɓi damar zaɓen yara biyar. Magoya baya da yawa sun ji zafin abin. Amma Kansas Siti ta ci Super Bowl a Fabrairu 2023, ta sake ci a Fabrairu 2024, ba tare da shi ba.

Wannan zaɓen yara shi ne sarin gasar. Kowace shekara ƙungiyoyi na ɗibar matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta zo ƙarshe a gasar bara ita ke fara zaɓa. Tun 2011 aka ƙayyade albashin sabon shiga na shekarunsa huɗu na farko, saboda haka yaro gwani araha yake. Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe tak, a zaɓen 2022. San Faransisko ta ɗauke shi a kan dala miliyon 3.7 na shekara huɗu. Rarar da ta samu ta zuba wajen riƙe manyan ƴan wasa a sauran wurare, har ta kai Super Bowl a 2024, inda Kansas Siti ta cinye ta 25 da 22 bayan ƙarin lokaci. Sai dai araha ba ta daɗewa: a Mayu 2025 aka sabunta wa Purdy kwantiragi a kan miliyon 265 na shekara biyar. Tun kafin a sa hannu, ƙungiyar ta riga ta rabu da tsofaffin gwanayenta da dama.

Ita ma Denba ta hanyar sari ta farfaɗo. A 2024 ta zaɓo wani matashi, Bo Nix, a kan abin da bai kai dala miliyon 19 ba na shekara huɗu. Da shi ta ci wasa 10, ta shiga zagayen neman kofi karo na farko tun kakar 2015, alhali bashin Wilson na kanta.

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A NFL kusan kowace ƙungiya na tura wani lissafi zuwa baɗi, kuma muddin cinikin talabijin na ƙaruwa, dabarar na tafiya. Abin da ya raba Kansas Siti da Denba a 2022 ba yawan jari ba ne, don iyakarsu ɗaya ce: dala miliyon 208.2. Ɗaya ta rabu da hajarta tana kan tsada. Ɗaya kuma ta sayi tata da tsada, ta biya ta shekara biyu bayan ta bar rumfa.