Dalilin Fesa Maganin Ciyawa Da Wuri

Manomin gyaɗa a Kongolam da ya fesa Stomp bayan ciyawa ta kafu, lalle ya zubar da kuɗinsa. Jikin tsiro ƙananan ɗakuna ne, cikin kowanne kuwa akwai siraran sanduna da ido ba ya gani. Su ke raba ɗaki biyu, saiwa ta ƙaru. Da masana suka bincike furotin ɗin sandunan, watau tubulin, sai suka tarar shi maganin ke kamawa, sanduna su kasa haɗuwa, saiwar jaririyar ciyawa ta tsaya. Don haka a ke fesawa bisa danshi, da gama shuka. Amma fa a riƙa sauya magani: a 1998 an gane tujin gonakin audugar Amurka ya sake tubulin nasa, irin maganin nan ya daina cinsa.