Baƙon da ke neman zama ɗan Najeriya: sharuɗɗan bayarwa da dalilan hanawa

Da yawa sun ɗauka cewa duk wanda aka haifa a Najeriya ɗan ƙasa ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai faɗi haka ba. A sashe na 25, sai mahaifi ko mahaifiya, ko ɗaya daga cikin kakanni, ya kasance ɗan ƙasa. Shi ya sa za ka samu Balabanon da aka haifa a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, amma sai ya nemi izini kamar baƙon jiya.

Sashe na 27 ya gindaya masa sharuɗɗa bakwai, kuma Shugaban Ƙasa ne zai gamsu da su. Dole mai nema ya kasance baligi mai hankali, mutumin kirki, wanda ya nuna niyyar zama a Najeriya dindindin, wanda kuma ya amfani ƙasar ko zai iya amfanarta. Zai yi rantsuwar mubaya'a. Sai ya zauna shekara 15 a jere, ko kuma wata 12 a jere kafin neman, tare da zaman da ya kai shekara 15 a cikin shekaru 20 da suka gabaci watannin nan. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar takardu, a tantance su kafin su isa fadar Shugaban Ƙasa.

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne na gwamna: sai gwamnan jihar da mutum yake zaune ya ga cewa al'ummar wurin sun karɓe shi, ya kuma saje da rayuwarsu. Akwai hikima a nan, domin maƙwabta da abokan kasuwa sun fi kowane jami'i sanin halin mutum. Sai dai kundin ya rataya hukuncin a kan ra'ayin gwamna shi kaɗai.

Rasa ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya isa a hana mutum. Sashe na 28 ya ƙara da cewa wanda ke riƙe da shaidar zama ɗan wata ƙasa, ba ta haihuwa ba, sai ya ajiye ta cikin wata 12. Ko bayan an ba mutum shaidar zama ɗan Najeriya, sashe na 30 ya ba Shugaban Ƙasa ikon karɓewa idan aka yanke masa ɗaurin shekara uku ko fiye a cikin shekaru bakwai na farko.

Gyara biyu ake bukata. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar rajista ba tare da jiran shekara 15 ba, ya bar mijin 'yar Najeriya a waje. A watan Maris na 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙi amincewa da ƙudurin daidaita wannan. Sannan sashe na 27 bai wajabta a faɗa wa wanda aka hana dalilin hana shi ba. Ƙasa na da haƙƙin tace wanda za ta karɓa, amma wanda ya yi shekara 15 yana biyan haraji da renon 'ya'yansa a cikinmu ya cancanci a rubuta masa dalili, a kuma ba shi damar kare kansa.