Filin Jirgin Saman Skiyatos: Gajeren Titi da Rayuwar Tsibiri

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna yadda ƙaramin filin jirgin sama yake iya riƙe wuyan tattalin arzikin tsibiri baki ɗaya. Misalin da muka ɗauka shi ne Skiyatos, wani tsibirin ƙasar Girka wanda mazaunansa ba su wuce kimanin dubu shida ba.

Yadda filin yake

Skiyatos tsibiri ne mai tuddai, ba shi da wadataccen fili shimfiɗaɗɗe. Saboda haka sai da aka cike wani sashe na teku kafin a sami wurin shimfiɗa titin sauka da tashin jirage. An buɗe filin a shekarar 1972. Tsawon titin mita 1,628 ne, kuma teku ce a bakinsa ta kowane ƙarshe.

Wannan gajarta tana da sakamako. Gwargwadon nauyin jirgi, gwargwadon nisan gudun da yake bukata kafin ya ɗaga. Don haka jirgin da ya cika da fasinja zuwa Ingila wani lokaci ba ya iya ɗaukar man da zai kai shi gida. Sai ya tashi da kaɗan, ya ya da zango a wani filin, alal misali na Tasalonika, ya ƙara mai. Wannan kuwa ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi.

Matsalar lokaci

Masu yawon shaƙatawa daga arewacin Turai suna kwararowa ne daga watan Mayu zuwa Oktoba. Da hunturu ya kama, sai zirga-zirga ta koma kusan jiragen babban birnin ƙasar kaɗai. Ke nan masu masauki da gidajen abinci da direbobin haya dole su tara abin shekara a cikin wata shida. A 2017 gwamnatin Girka ta damƙa wannan fili tare da wasu 13 ga kamfanin Fraport na tsawon shekara 40, aka gyara gine-gine. Amma annobar 2020 ta nuna cewa in jirage suka tsaya, kasuwar tsibirin ta tsaya.

Kammalawa

Abin da muke so mahalarta wannan taro su lura da shi shi ne, filin da ya buɗe wa tsibiri ƙofar arziki shi ne kuma ya ƙayyade faɗinta. Duk mai tsara irin wannan fili wajibi ne ya fara tambayar abin da mazauna za su ci a watannin da baƙi ba sa zuwa.