Hazon Hunturu Da Arzikin Halittun Teku

Mutumin Birni, wanda ya tashi tsakanin duwatsun Damagaram bai taɓa ganin teku ba, in aka ce masa hazon nan da ke lulluɓe fadar Sarki a watannin ɗari, ya tsattsage leɓe, ya bar ƙasa-ƙasa a bakin tulu, shi ne abincin waɗansu halittu na Baharul Muhiɗ, wato Tekun Atlantika, ba laifinsa ba ne in ya ɗauki zancen almara. Alhali kuwa masana ilimin sinadarai sun daɗe da tabbatar da shi.

Galibin ƙurar nan daga Bodele take tasowa, wani kwari a arewacin Chadi, wanda kimanin shekara 7,000 da suka shige gindin wani makeken tafki ne, da Tafkin Chadi na yanzu ragowarsa ce kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda asalinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, gauraye da sinadarin ƙarfe da fosfaras. Iskar da ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke yayumarta, ta biyo da ita ta kanmu, ta zubar da wani kaso cikin teku. Tun a 1832 masanin halittu Darwin ya tattara irinta a kan jirgin ruwa daura da tsibiran Kef Bade, Bajamushe Ehrenberg kuwa ya duba ta da madubin ƙara girma, ya tarar da ɓawon halittun ruwan daɗi a ciki.

To, ga inda hikimar Ubangiji take. Tsakiyar teku, duk da yalwar ruwanta, matalauciya ce wajen naitirojin, wanda babu tsiron da ke rayuwa sai da shi, kuma ko da yake shi ne kashi 78 cikin 100 na iska, akasarin halittu ba su da ikon ɗibarsa daga can. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna Trichodesmium, mai yawo bisa ruwa kamar dusa, wadda aka hore wa wannan aiki, amma da sharaɗin ta sami ƙarfe. In ƙurarmu ta sauka sai ta yaɗu, ta wadata ruwan da taki, ƙananan tsirrai su tofo, ƙwarin ruwa su ci, kifi ya ci ƙwari, har abin ya kai ga manyan dabbobi. Domin gwada tasirin ƙarfe a kan tsirran teku, a 1995 masana suka zuba ƙarfe narkakke a wani yanki na Tekun Fasifik, cikin 'yan kwanaki ruwan ya koma kore, wani jinsin tsirrai ya rinjayi sauran.

Sai dai, a ganina, kuskure ne a ɗauka cewa duk alheri ne, gama waɗansu masana suna danganta ƙurar Sahara da wani jan ruwa mai dafi na gaɓar Fulorida a Amurka, inda takin da Trichodesmium ta samar yake ciyar da wata gansakuka da ke kashe kifi tuli-tuli.