Nasara 592, Kofin Ƙasa Babu: Lissafin Aikin Kocin Olajuwon

A gidajen kallon ƙwallo na Jimeta da Yola, da zarar an ɗauko zancen koci, tambaya ɗaya ce: kofi nawa ya ci? Da a ce da wannan mudu za a auna Guy Lewis, wanda ya horar da Hakeem Olajuwon a Jami'ar Houston ta Amurka, da sai a ce bai tsinana komai ba. Alƙalumansa kuwa ba haka suka ce ba.

Shekara 30 ya yi yana riƙe da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, daga 1956 zuwa 1986. Ya ci wasa 592, aka ci shi 279. Wato a wasanni 871, ya yi nasara a kashi 68 cikin ɗari, kusan nasara 20 kowace shekara. Abin lura shi ne ɗan wasan jami'a ba ya daɗewa, shekara huɗu ce iyakarsa. Kocin jami'a kullum cikin sabon gini yake, don haka riƙe wannan kaso tsawon shekara 30 ba aikin sa'a ba ne.

Sau 14 ya kai ƙungiyarsa gasar ƙasa ta NCAA, sau biyar kuma ya shiga sahun huɗun ƙarshe: 1967, 1968, 1982, 1983 da 1984. Gasar ta sili-ɗaya-ƙwale ce, aka ci ka sau ɗaya sai gida. A 1983 ƙungiyoyi 52 ne suka shiga. Houston ta isa wasan ƙarshe da nasara 26 a jere, Olajuwon ya zuba maki 20 a daren, Lewis na gefe riƙe da tawul ɗinsa mai ɗigo-ɗigon ja da fari. Ana dab da tashi Lorenzo Charles na North Carolina State ya cafe ƙwallon da ta gaza isa kwando, ya danna ta ciki. Aka tashi 54 da 52. Duk da haka Olajuwon aka ba kyautar gwarzon gasar. Shekarar da ta biyo Georgetown ta ci Houston 84 da 75 a wasan ƙarshe.

A ganina kwandon nan ɗaya na Charles, mai maki biyu, shi ya jawo aka bar Lewis yana jira shekara 27 bayan ritaya kafin a shigar da shi zauren karrama gwarazan wasan na Naismith a 2013, yana da shekara 91. Ya rasu a 2015. Wannan jinkiri bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Ga lissafin da ya kamata a sa a gaba. A 1964, lokacin da jami'o'in kudancin Amurka da dama ba sa ɗaukar baƙar fata a wasanni, ya ɗauki Elvin Hayes da Don Chaney. A watan Janairun 1968 mutum 52,693 suka cika filin Astrodome, Hayes ya ci maki 39, Houston ta doke UCLA 71 da 69, ta katse mata nasara 47 a jere. A 1980 ya karɓi Olajuwon, yaro daga Legas da bai daɗe da fara wasan ba. A 1984 Olajuwon aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon kwando. Da NBA ta fitar da gwarazanta 50 a 1996, uku ɗalibansa ne: Hayes, Olajuwon da Clyde Drexler.

Mu ma nan Arewa muna da wanda ya cancanci irin wannan awo. Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira Coach OBJ, ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda yake shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.