Yaron da Ya Tashi a Hannun Uwa ko Uba Kaɗai

'Yan'uwa, da wuya a sami ikkilisiya a Arewa da babu gidan da uwa kaɗai, ko uba kaɗai, ke riƙe da yara. Wasu mutuwa ce ta raba su, ta hanyar ciwo, haɗari, ko tashin hankalin da ya addabi Borno, Adamawa, Filato da Kudancin Kaduna. Wasu aure ne ya mutu, wasu kuma an haife su ba tare da aure ba. Ko mene ne dalilin, yaron bai zaɓa ba. Ya kamata mu gane abin da yake rasawa.

Abu na farko shi ne abin hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin gona da mutum biyu suke yi ya koma kan mutum ɗaya, amfani ya ragu, haya da abinci kuwa ba su ragu ba. Sau da yawa dangin miji sukan kwashe gona da dabbobi da sunan gado, su bar gwauruwa da yara. Daga nan sai makaranta ta fara tangarɗa. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, amma kayan makaranta, littattafai da kuɗin WAEC ko NECO suna kan iyaye. Babbar 'ya ce takan fara biyan farashin: a cire ta ta yi talla, ko aikatau a birni, ko a aurar da ita da wuri.

Na biyu shi ne lokaci. Uwar da ta fita kasuwa da asuba ta dawo da dare ba ta da sauran ƙarfin duba littafin yaro ko sanin abokansa. Wannan ba sakaci ba ne, nauyi ne ya yi yawa. A irin wannan giɓi ne shaye-shaye da masu yaudarar 'yan mata sukan shigo.

Na uku, mu ne muke jawo shi: gori. Yaron da ake kira da mummunan suna saboda yadda aka haife shi yakan janye daga Makarantar Lahadi, daga baya ya bar sujada gaba ɗaya.

Mu lura, waɗannan abubuwa uku ba ƙaddara ba ce. Dukansu ana iya toshe su, shi ya sa muke ganin fastoci, malamai da likitoci da yawa waɗanda gwauraye suka rene su.

A 2 Sarakuna sura 4, mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'ya biyu na wata gwauruwa su zama bayi. Elisha ya fara da tambayar abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai. Maƙwabta suka ba da aron tandaye, ta sayar da man, ta biya bashi, ta ci gaba da rayuwa da 'ya'yanta. Taimakon ya ba ta jari, ya kuma bar yaran a hannunta.

Haka ya kamata namu ya zama. Buhun shinkafa na Kirsimeti yana da kyau, amma ba ya kai Fabrairu. Zumuntar Mata za ta iya sa gwauraye cikin adashe. Matasa su yi musu gayya a gona. Dattawa su tsaya a wurin rabon gado, su tuna wa dangi cewa dokar VAPP ta 2015 ta haramta cin zalin gwauraye da yasar da 'ya'ya ba abinci. Maza masu tsoron Allah su ja yaran nan a jiki, su koya musu sana'a. Kada kuma mu manta da uban da matarsa ta rasu, domin shi kunya takan hana shi roƙo.

Ɗa na kowa ne. Mu fara da sanin sunayen yaran da ke cikin ikkilisiyarmu, da ajin da kowannensu yake.