Kafin Ka Ɗaura wa Motarka Manyan Tayoyi

Wanda ya taɓa tsayawa a Agadas ya kalli motocin da ke shirin shiga hamadar Tenere, masu bin hanyar Dirku da Bilma, zai lura cewa yawancinsu ba su da wasu tayoyi na a-zo-a-gani. Hilux ce ko Land Cruiser, an yi mata lodi har sama, jarkokin mai da na ruwa a rataye, tayoyinta kuwa kusan yadda kamfani ya sako su. Sai ka dawo Kano ko Abuja ka ci karo da irin motar nan tsaye kan tayoyi kamar na tarakta, alhali iyakar dajinta shi ne gidan biki idan ruwan sama ya ɓata layi. Ba laifi ba ne mutum ya yi wa abin hawansa ado, kuɗinsa ne. Maganata a nan da wanda ke shiga daji da gaske ne: manomin da gonarsa ke cikin fadama, mai kai magani ƙauye da damina, ɗan kasuwar da ke hawa Mambila zuwa Gembu, ko mai ratsa yashin Yusufari. Shi ne idan ya yi kuskuren zaɓen taya zai kwana a hanya.

Mu fara da rubutun da ke jikin tayar, domin da yawa muna saye ne da ido kawai. Ɗauki 265/70R16, wadda ta yi yawa a kan motocin a-kori-kura masu fowil. Lambar farko, 265, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 70, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 70 ne cikin 100 na wannan faɗin. Ta ƙarshe, 16, girman wili ne da inci. Idan aka haɗa lissafin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya kai inci 30.6. Wadda matasa suka fi kwaɗayi, 285/75R16, tana da inci 32.8, ita ake kira "talatin da uku". Bambancin inci 2.2 ke nan, amma motar ba za ta tashi da inci 2.2 ba. Rabin ƙarin yana sama da tsakiyar wili, rabi ne kawai a ƙasa. Abin da ka samu bai wuce inci ɗaya da ɗan ɗoriya ba, wato ƙasa da santimita 3.

Kada a raina wannan incin. A ƙarƙashin motar akwai tukunyar aksil, kumburin nan na tsakiya inda giyoyin ƙafa suke, kuma ita ce ke fara dukan tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar hanya bayan sun haƙa ramuka biyu a gefe. Ko ka ɗaga bodi har sai an sa tsani kafin a shiga, tukunyar tana nan inda take. Taya ce kaɗai ke ɗaga ta. Wannan shi ne amfanin babbar taya na farko, kuma na gaskiya ne.

Na biyu yana cikin yashi, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Ana zaton faɗi ne ke hana mota nutsewa. Dubi ƙafar raƙumi: a sama ba ta da wani girma, sai ya taka take bajewa. Haka direbobin hamada ke yi da taya. Kafin su shiga rairayi sai su rage iska, daga abin da ake sha a kwalta zuwa tsakanin 15 da 20 a gejin masu facinmu, wato wajen bar 1 zuwa 1.4 a gejin da ake amfani da shi a Nijar. Tayar sai ta kwanta, sawunta ya ƙara tsawo gaba da baya fiye da yadda ya ƙara faɗi, motar ta riƙa shawagi a kan yashin maimakon ta haƙa wa kanta kabari. Tayar da ke da dogon gefe ita ta fi iya wannan kwanciya. Shi ya sa wili mai inci 16 ko 17 ya fi dacewa da daji a kan mai inci 20, wanda robarsa siririya ce, dutse ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa kuma Land Cruiser samfurin 70, da Toyota ta fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ake ji da ita daga Chadi zuwa Sudan, ta shahara a kan 7.50R16, taya doguwa siririya wadda ba mai kallonta sau biyu. Akwai 'yar uwarta, 235/85R16, mai inci 31.7: ta fi 265/70R16 tsayi da inci guda, ta kuma fi ta sirantaka. A ganina, ga mai aikin daji a ƙasar nan, irin wannan zaɓin ya fi "talatin da uku" hankali, ko da yake ba za a yi masa tafi a majalisa ba.

Sai batun zanen taya. Mai alamar A/T an yi ta ne don ta taɓa kowace hanya, kwalta da burji da yashi. Mai alamar M/T ta taɓo ce, haƙoranta manya, tsakaninsu a buɗe domin ta riƙa watsar da laka. A baƙar lakar yankin Dikwa ko fadamar Hadeja da Nguru cikin watan Agusta, M/T ba ta da na biyu. Amma a kwalta tana kuka, tana saurin cinyewa, ba ta kama jiƙaƙƙen titi kamar yadda ake zato, a rairayi kuma haƙoran nan kan haƙa rami idan direba ya cika taka totur. Damina wata huɗu ce ko biyar a yawancin Arewa, ragowar shekarar ƙura ce da zafi. Mutum ya yi wa kansa hisabi.

To yanzu ga inda bashin yake, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babbar taya kamar ƙara wa guga girma ne: kowane ja yana kawo ƙarin ruwa, amma hannu ya fi jin jiki. Daga inci 30.6 zuwa 32.8 ƙarin kusan kashi 7 ne cikin 100, kuma gwargwadon haka ƙarfin da ke isa ƙasa zai ragu a kowace giya. Motar da ke tashi da lodi cikin sauƙi sai ta fara neman a ɗan ƙona mata kuloci. Hawan da ake yi da giya uku sai ya koma biyu. Mai otomatik kuwa giyabos ɗinta zai riƙa kai-komo yana ɗaukar zafi. Ga nauyi: irin wannan taya mai kaurin gefe tana iya fin ta asali da kilo bakwai ko fiye a kowace ƙafa, kuma nauyi ne mai juyawa, wanda injin ke wahala kafin ya tayar da shi, birki ya wahala kafin ya tsayar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba sai an yi wa mai Hilux mai injin lita 2.7 dogon bayani kan ma'anar ƙarin shan mai ba.

Maleji ma zai fara yi maka ƙarya, domin juyin taya yake ƙirgawa, ba ƙasa ba. Yana nuna 100, kai kuwa kana kan 107. Ya ce ka yi kilomita 5,000 lokacin juyen baƙin mai ya yi, alhali ka yi 5,350. Har lissafin shan man zai ruɗe, sai ka ga kamar motar ta fi yadda take ci.

Maganin raunin giya shi ne canza giyoyin cikin tukunyar aksil. Idan motarka ta zo da 4.10, ma'ana shaf na juyawa sau huɗu da ɗigo ɗaya kafin taya ta juya sau guda, to kan inci 33 kana bukatar wajen 4.4 kafin ta koma yadda take, kuma mutane kan sa 4.56. Kan inci 35, inda ƙarin ya kai kashi 14, mutane kan tafi 4.88. Dole a canza gaba da baya tare, lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa fowil ƙafafun gaba da na baya za su riƙa jayayya har wani abu ya karye a tsakiya. Aiki ne na saiti mai laushi, ba na guduma ba. Bakaniken da bai da ma'aunin duba yadda haƙoran giyar ke haɗuwa, kada ka ba shi, komai daɗewarku tare. Alamar an yi ba daidai ba ita ce kukan aksil da ke tashi da gudu, kuma idan ka ji shi, kuɗin sun riga sun tafi.

Daga nan sai wurin zama. Taya na iya shiga ramin madigadi tsaf mota na tsaye a gareji, amma a karya sitiyari har ƙarshe a faɗa rami da lodi, sai ka ji tana gurzar bodi. Gwajin mai sauƙi ne: a hau da ƙafa ɗaya kan tudu har sifirin ya matse, a juya sitiyari hagu da dama, a leƙa da tocila. Idan ana bukatar ɗagawa, inci biyu da sifirin da shokozoba masu kyau sun wadatar ga yawancin aiki. A nan ma motoci sun bambanta. Land Cruiser 70 aksil ɗinta na gaba sanda guda ce, tana jure ɗagawa. Hilux ta zamani kuwa kowace ƙafar gaba da hannuwanta, da shaf mai gaɓa da ke kai mata ƙarfi. Ka ɗaga ta fiye da kima, shaf ɗin ya karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai ƙas-ƙas a kowace kwana. Abin da na fi tsana shi ne guntayen ƙarfen da ake yankowa a cusa tsakanin sifirin da aksil, da faifan da ake sawa bayan wili don taya ta fito waje. Suna ƙara wa boris da boljoyin da tayarod nauyin da ba a yi su dominsa ba, kuma ranar da ɗayansu ya saki, ba ya sallama.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: duk incin da mota ta tashi, saurin kifewarta ya ƙaru. A inda ake ɗora buhuna da mutane a saman a-kori-kura, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gangaren Mambila ba ya duba kyan taya. Kafin a kashe ko sisi kan ɗagawa, a tabbata birki lafiya lau yake, a sa takalmin birki na ƙwarai, a canza man birki, domin babbar taya tana ƙara nisan tsayawa.

Idan an zo saye, girma ba shi ne abin dubawa kaɗai ba. Bayan lambar girma akwai ta nauyin da tayar ke iya ɗauka: 112 na nufin kilo 1,120, 121 kuwa kilo 1,450. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Haruffan LT suna nuna tayar ɗaukar kaya ce mai kaurin jiki, wadda ta fi jure ƙaya da kututture. Sannan a nemi layin da ya fara da DOT a duba lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne kan tsofaffin tayoyi, kuma manyan tayoyin Beljiyam, wato na kwance, su ne suka fi yaudara, domin haƙoransu kan yi kyau alhali robar ta bushe. Tayar da ta sha sanyin Turai shekaru, a kawo ta kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, araha ce da ba ta ado.

Akwai kuma tambayar da direban Agadas zai fara yi maka: idan ta fashe, ina za ka samu wata? Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Legas a 2008, da tayoyin waje ake ta fama. Girman da motocin haya da na gwamnati ke amfani da shi za ka same shi a kusan kowane babban gari. Inci 35 kuwa sai ka aika Kano ko Kaduna ka zauna jira. Don haka tayoyi biyar za ka saya, ba huɗu ba. Sifiya ƙarama a kan mota mai fowil tana wahalar da giyoyi, kuma babbar sifiyar ba lalle ta shiga mazauninta na ƙarƙashin bodi ba, a gwada tun a shago. Jak ɗin da ya zo da motar ma wataƙila ba zai ƙara kaiwa ba. A tanadi dogo, da katako mai faɗi da zai zauna a kai cikin yashi. Sai famfon iska mai aiki da batir, da geji naka na kanka. Wanda ya rage iska a rairayi ya hau kwalta bai mayar ba, tayar za ta yi zafi ta fashe, kuma babu mai faci tsakanin tuddan yashi.

Shawarata ga mai shiga daji don neman abinci: ka tashi mataki ɗaya kawai daga girman asali, zuwa inci 31 ko 32, doguwa ba mai faɗi ba, A/T mai alamar LT sai fa idan rayuwarka cikin laka take. Wannan ba ya bukatar taɓa giyar aksil, sau da yawa ma ba ya bukatar ɗagawa. Kuɗin da ya rage ka zuba su a birki, shokozoba, famfo da sifiya. Wanda kuma ya nace sai "talatin da biyar", to ya fara zama da bakanikensa su lissafa kuɗin giyoyi da ɗagawa da birki tukuna, kafin ya taka shagon taya.